Ra'ayi: Ƙunar shayi takan warke da kanta, lomar da ke tsayawa a ƙirji ita ce ta likita

Da zarar sanyin hunturu ya sauka a Damagaram ko Tahoua, kasuwar masu shayi takan buɗe tun gari bai waye ba. Ɗan kabu-kabu zai tsaya ko babur bai kashe ba, a cika masa kofi da ruwan da yanzu aka sauke daga wuta, a zuba madara da sukari, ya ɗaga kai ya shanye saboda fasinja na jira. Wani lokaci kurɓar farko takan kuɓuce wa baki, sai mutum ya ji zafin yana gangarawa tsakiyar ƙirji kamar ya haɗiyi garwashi, idanu su kawo ruwa. Washegari duk abin da ya haɗiya sai ya ji yana gugar wurin. Daga nan sai a ɗauko waya. Kafin azahar ya riga ya ci karo da saƙon murya a WhatsApp mai cewa shayi mai zafi yana kawo ciwon daji, hankali ya tashi, ya shiga tambayar kansa ko ya tafi asibiti a yi masa hoto ko ya bari.

Amsar ba mai wuya ba ce. Ƙuna ta rana ɗaya, a jikin mutum mai lafiya da ke iya haɗiyar ruwa da abinci mai laushi, kusan kullum takan warke ba tare da an ga likita ba. Abin da ke buƙatar bincike wani abu ne dabam, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A gidan da matashin nan ya fito, mai yiwuwa akwai dattijon da ya yi wata biyu yana ture nama gefe, yana cewa a sassauta masa tuwo, yana korar kowace loma da ruwa, kuma babu wanda ya ce uffan domin ana ganin tsufa ne. Ɗan ya firgita da ciwon da zai wuce kafin Juma'a, uban kuma yana zaune da alamar da likitoci ba sa yarda a yi jinkiri da ita. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ke ƙonewa shi ne hanyar abinci, wani bututun nama mai tsawon kimanin santimita 25 a jikin babban mutum. Ya taso daga ƙasan maƙogwaro, ya bi ta bayan hanyar numfashi da zuciya, ya faɗa cikin tumbi. Cikinsa lulluɓe yake da fata mai taushi irin ta cikin baki. Bambancin shi ne baki yana da masu gadi: leɓe da harshe sukan ji zafi nan take su sa a tofar, amma abin da ya riga ya wuce maƙogwaro ba ya dawowa, sai ya sauka da zafinsa. Tun a 1972 wasu masu bincike suka auna abin da ke faruwa a cikin bututun idan mutum ya sha kofi mai zafin digiri 65 a ma'aunin Selsiyus, suka ga zafin wurin yana ƙaruwa da digiri 6 zuwa 12, gwargwadon girman kurɓar. Ke nan ba zafin abin sha kaɗai ake dubawa ba, har da yawan da aka haɗiye a lokaci guda.

Sa'ar da aka yi, wannan fata tana saurin sabunta kanta. Wanda ya ƙone zai iya jin raɗaɗi wajen haɗiya na kwana biyu ko uku, ya riƙa raguwa, kafin mako ya zagayo ya manta. Abin da ake so a wannan tsakanin shi ne a bar wurin ya huta. A riƙa kurɓar ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan, a ci abinci mai laushi da ya huce, fura da nono ma ta wadatar. A dakata da yaji, da lemun tsami, da kunun tsamiya, da ƙilishi da gasasshen biredi masu karce, a kuma ajiye taba. In ciwon ya dami mutum, parasitamol ya isa. Asfirin, ibuprofen da diklofenak kuwa, waɗanda masu tallar magani ke miƙa wa duk wanda ya ce wani wuri na masa ciwo, su kansu suna cin fatar ciki da ta hanyar abinci, don haka ƙara wa wuta makamashi ne.

Akwai yanayin da ba a jira ko kwana ɗaya. Wanda ya kasa haɗiyar ruwa ko miyaunsa, wanda muryarsa ta canza ko numfashi ya fara yi masa wuya, wanda ya yi aman jini, ko zazzaɓi ya rufe shi tare da ciwon ƙirji mai tsanani, wannan asibiti zai nufa a take. An fi jin tsoron haka a wurin ƙananan yara, domin maƙogwaronsu ƙarami ne, kumburi kaɗan yana iya toshe iska. Yaron da ya kurɓi kunu ko shayi mai tafasa ya fara dalalar da miyau yana numfashi da ƙara ba na lallashi ba ne, na ɗauka a ruga ne.

Akwai kuma tarkon da ya fi cin manya. Zuciya da hanyar abinci maƙwabta ne, ciwonsu yakan yi kama. Mutum mai hawan jini ko ciwon suga, ko mai shan taba, da ya ji ƙirji ya danne masa kamar an aza dutse, gumi na keto masa, ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi, bai kamata ya ce ai shayin ɗazu ne ba. Ƙunar shayi takan tashi ne idan an haɗiyi wani abu. Ciwon zuciya ba ya jiran a haɗiya.

Ba kowane raɗaɗin haɗiya ne laifin shayi ba, ko da yake shi ake fara zargi domin shi ne ke taɓa wurin a ji. Ƙwannafi mai yawan dawowa, inda ruwan tsamin ciki ke hawowa sama musamman bayan cin abincin dare a kwanta, yana saɓule fatar bututun, ta yadda ko shayi mai ɗumi zai yi zafi. Ƙwayar magani ma takan maƙale ta ƙona wurin, musamman doksisiklin da ƙwayoyin ƙarin jini, in an haɗiye su da guntun ruwa aka kwanta nan take. Maganin wannan shi ne cikakken kofin ruwa da zama a miƙe na rabin awa. Mai ciwon suga ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni yana iya samun farin kurji irin na naman gwari a baki da hanyar abinci, wanda ke da magani mai sauƙi in an gano shi. Sannan akwai ƙunar da ta fi ta kowane shayi muni, wato ta sodar haɗa sabulu da ake narkawa a ajiye a robar ruwa, yaro ya ɗauka ya sha. Wannan ba a sa shi amai, ba a tsaya ɗura masa manja ko madara, asibiti ake kai shi nan take, kuma ko ya yi kamar ya warke sai an ci gaba da bibiya, domin bututun yakan tsuke bayan makonni. Duk raɗaɗin haɗiya da ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bai lafa ba, komai dalilinsa, ya cancanci a gaya wa likita.

To ina gaskiyar saƙon WhatsApp ɗin? Akwai gaskiya a ciki, sai dai an yanke mata kai da ƙafa. A watan Yunin 2016, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sanya shan abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa ciwon daji, kuma na hanyar abinci take nufi. Cibiyar ba ta ɗora laifin a kan ganyen shayi ko kofi ba. A zaman nan ne ma aka cire kofi daga jerin abubuwan da ake zargi. Zafin ne matsalar, ko da na ruwa ne zalla. Rukunin da aka sa shi, wanda ake kira 2A, yana magana ne a kan ƙarfin hujja, ba girman haɗari ba, kuma jan nama da aikin dare suna cikinsa. Taba da giya kuwa suna rukunin farko, inda babu sauran shakka.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga lardin Golestan na arewa maso gabashin Iran ta fito, yankin da ciwon ya yi katutu alhali shan giya ba al'adar mutanen ba ce, baƙin shayi kuwa suna shansa da yawa kuma da zafi sosai. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya kwatanta masu ciwon 300 da maƙwabtansu masu lafiya. Masu shan shayi da zafi sun ninka masu shansa da ɗumi sau biyu wajen haɗarin kamuwa, masu shansa da matsanancin zafi kuwa sau takwas. Wani adadi a binciken ya fi amfani ga mai shayin bakin tasha: wanda ke sha kafin minti 2 da zubawa ya ninka mai jiran minti 4 ko fiye kusan sau biyar. Daga baya aka bi mutum fiye da 50,000 a lardin har kimanin shekara 10, bayan an auna zafin shayinsu da ma'auni ba da baki ba. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna mutum 317 sun kamu, kuma masu shan mililita 700 ko fiye a rana da zafin digiri 60 zuwa sama haɗarinsu ya ƙaru da kashi 90 cikin 100.

Binciken ƙasar Sin na 2018, wanda ya shafi mutum fiye da 450,000, ya ƙara wani abin da ya kamata matasa su riƙe. A can, shayi mai ƙuna shi kaɗai bai nuna ƙarin haɗari ba ga wanda ba ya shan taba ko giya. Amma wanda ya haɗa shi da taba haɗarinsa ya ninka sau biyu, wanda ya haɗa shi da giya kullum kuwa sau biyar. Bayanin da masana ke yi mai sauƙin fahimta ne: zafi yana saɓule fatar, ta warke, gobe a sake saɓule ta, shekara da shekaru, sai gubar hayaƙi da ta barasa su samu ƙofa a buɗe. Kofi a hannun dama, karan sigari a hagu, wanda ya zama ado a majalisu da yawa, shi ne ainihin haɗin da binciken ya nuna.

A Afirka, ciwon ya fi yawa a gabas da kudu, daga Habasha zuwa Kenya, Tanzaniya, Malawi har Afirka ta Kudu. A yankin Kilimanjaro na Tanzaniya an auna shayin da mutane ke sha aka tarar kurɓar farko tana kai wa kimanin digiri 70, kuma shayin madara ya fi baƙi riƙe zafi. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da alƙaluman ciwon suka fi ƙanƙanta a duniya, kuma a Nijar ciwon dajin nono, na hanta da na bakin mahaifa sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Dole a faɗi wannan, domin masu saƙon murya ba sa faɗa. Abin da ba shi da yawa, ko an ninka shi biyu, bai zama annoba ba. Matashi mai shekara 25 da ya ƙone maƙoshi sau ɗaya bai ɗauko ciwon daji ba, kuma babu likitan kirki da zai tura shi gwaji saboda wannan kaɗai. Duk da haka ciwon ba abin rainawa ba ne. A 2020 an ƙiyasta mutum fiye da 600,000 sun kamu da shi a duniya, fiye da 540,000 kuma sun mutu. Kusancin lambobin biyu ya isa nuna irin ciwon da ake magana a kai.

Babu mai hankalin da zai ce a tashi fada ko a daina shayi. Hasali ma shayin fada yana da abin da ke kare shi. Ɗaga buta sama ana tsiyayawa don a samu kumfa, da juye shi daga kofi zuwa kofi, duk suna rage zafi, sannan ɗan kofin gilashin bai wuce kurɓa uku ko huɗu ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yawan kofunan. A fada mai mutum goma, sau da yawa kofi biyu ko uku ne ke yawo, wanda aka miƙa wa dole ya shanye da sauri ya mayar domin na kusa da shi na jira, kuma riƙe kofi ana hira rashin ta-ido ne. Al'adar ce ke hana jira, ba ƙishirwa ba. Fadar da ke iya haɗa kuɗin ganye, sukari da gawayi kullum ba za ta gaza sayen ƙarin kofuna shida ba.

Babban kofin safe na mai shayi ya fi zama abin dubawa: ruwa ne mai yawa, daga tafasa kai tsaye, kuma madarar gari ba ta huce komai. Haka kunu da koko, waɗanda kaurinsu ke ɓoye zafi, sama ta yi sanyi ƙasa na ƙuna, a kuma sha da ludayi cike. A watan azumi abin yakan haɗu goma da ashirin, ga yunwa, ga gaggawar tafiya sallah, ga kunun da aka dama daf da kiran magariba. Ƴan ci-rani a Turai da Amurka su ma ba su tsira ba. Kofin da injin ke zubowa yakan fito da zafin digiri 70 zuwa 85, murfin roba yana riƙe zafin, hutun aiki kuma gajere ne. Gyaran duka ɗaya ne kuma kyauta ne: a buɗe murfi, a motsa, a jira minti 4 zuwa 5, a fara da ƙaramar kurɓa. Abin da leɓe ya ƙi, ba a tilasta wa maƙoshi. Masu alfahari da cewa su in ba ya ƙuna ba sa jin sun sha shayi, bakinsu ne ya saba, bututun bai ƙara kauri ba.

Sai a koma kan dattijon nan mai ture nama, domin a nan maganar take da nauyi. Hanyar abinci tana da talewa, shi ya sa ƙari zai iya daɗewa yana girma a cikinta mutum bai ji komai ba. Yawanci sai faɗin hanyar ya ragu zuwa kimanin milimita 13 kafin loma ta fara tsayawa. Kuma abin yana da tsari da kowace uwar gida za ta iya ganewa. Da farko nama ne da biredi ke maƙalewa, sai an kora da ruwa. Bayan makonni sai tuwo da shinkafa. Daga nan mutum ya koma kunu da fura, yana cewa shi dai yanzu su yake sha'awa. A ƙarshe ruwa ma ya gagara. Tare da haka riga takan yi masa yawa, wuya ya zurma, wani lokaci murya ta dushe, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin saboda jinin da ke tsiyaya a ciki. Mai irin wannan ciwon ba ya yawan kuka da zafi, shi ya sa ake ganin da sauƙi.

Kowane mataki a wannan tsarin lokaci ne da aka rasa. A Amurka, inda kayan aiki suka wadata, kusan rabin waɗanda aka gano ciwon bai bar wurinsa ba suna kai shekara 5 a raye, amma in ya riga ya bazu zuwa sassan jiki na nesa, ba su wuce 5 ko 6 cikin 100 ba. Saboda haka ne a Ingila ƙa'idar likitoci ta ce duk wanda ya zo da wahalar haɗiya, komai shekarunsa, a tura shi gwaji cikin gaggawa. Ba don kowa ciwon daji gare shi ba. Da yawa daga cikin masu wahalar haɗiya wata matsalar ce ke damunsu: tabon da tsohon ƙwannafi ya bari ya tsuke hanya, ko kurji, ko ƙofar tumbi da ta ƙi saki. Waɗannan ana magance su, wasu ma ta hanyar buɗa wurin da na'ura ba tare da tiyata ba. Amma babu mai iya bambance su da ido, ko da taɓa ciki, ko ta waya.

Abin da ke cinye watannin sananne ne. Da farko a ce olsa ce, a sayi omeprazol a kasuwa. Maganin yana da kyau a inda ya dace, sai dai yana kwantar da ƙwannafi ya bar abin da ke toshe hanya yana girma, mai ciwo kuma ya ɗauka sauƙi ya samu. Daga nan a ce beli ne, a kira wanzami ya yanke hakin wuya, alhali matsalar tana can ƙasa da inda askarsa za ta kai. In abin ya ci tura a ce jifa ne ko sammu, a shiga neman jiƙe-jiƙe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malamin da ya san abin da yake yi shi da kansa zai ce a je a duba. Sai mutum ya kasa haɗiyar ruwa sannan a ɗauko mota, a lokacin da likita ba shi da abin yi da yawa sai rage wahala, daga nan a fita ana cewa asibiti ba ta iya komai ba.

Gwajin da ake buƙata shi ne wanda likitocin Nijar ke kira fibroskopi. Siririn bututu ne mai laushi, kaurinsa bai kai ɗan yatsa manuni ba, da fitila da kyamara a bakinsa. Mutum zai zo bai ci komai ba na aƙalla awa 6, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura bututun a duba hanyar abinci da tumbi, yawanci cikin minti 5 zuwa 15. Ba daɗi, yana sa yunƙurin amai, amma ba ya hana numfashi kamar yadda ake tsorata mutane. In an ga wani abu, a nan take ake tsinko ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin bincike, kuma wannan ne kaɗai ke tabbatar da ko ciwon daji ne ko a'a. Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda ake ce wa radiyo, da hoton ciki na eko, ba sa nuna fatar cikin bututun. Iyalai da yawa sukan kashe kuɗi a kan waɗannan biyu, a ce ba a ga komai ba, su koma gida da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Gaskiya ne gwajin ba a kowace likita ake yinsa ba, sai manyan asibitoci da wasu masu zaman kansu, kuma ga mutumin ƙauye wannan yana nufin kuɗin mota, masauki da ɗan rakiya. Ragin kuɗin asibitocin gwamnati da aka fara aiwatarwa a watan Satumban 2024 ya sauƙaƙa wani ɓangare, amma bai rage nisan hanya ba. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta samu na'urar gashi, abin da a da sai an fita waje, sai dai na'urar ta fi amfanar wanda ya zo da wuri. Nauyin da ke kan hukumomin lafiya shi ne su kai na'urar fibroskopi da masu iya aiki da ita kowace jiha, su kuma tabbatar duk majo ko ma'aikacin jinya a ƙaramar likita ya san cewa mai cewa abinci na tsaya masa takardar turawa gaba ake ba shi, ba maganin olsa karo na uku ba. Gidajen rediyo da ke da filin lafiya kowane mako za su iya faɗar wannan cikin minti ɗaya.

Ɗan ci-ranin da shi kansa ya ji alamar a ƙasar waje kada tsoron takardu ya zaunar da shi. A Faransa, misali, asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen da ake kira PASS, wanda ke karɓar marasa inshora. Amma babban aikin ƴan waje yana gida ne, domin su ne ke aiko da kuɗin magani, kuma su ake ɓoye wa labari don kada hankalinsu ya tashi. Tambayar "Baba, ya jiki?" amsarta kullum "Alhamdu lillahi" ce, ko da mutum ya yi mako uku a kan kunu. Gara a kira mai dafa abincin a yi mata tambaya ƙarara: "Inna, Baba yana cin tuwo da nama kamar da, ko sai an sassauta masa? Yana korawa da ruwa? Ya rame?" A kiran bidiyo kuma a dubi wuya da wuyan riga. In amsar ɗaya daga cikin waɗannan ita ce e, kuɗin wannan watan na mota ne zuwa babban asibiti, a kuma rubuta wa ɗan rakiya sunan gwajin da ranar da abincin ya fara tsayawa, don kada a dawo gida da ledar magani kawai.